Gayyatar da Ba a Sa Wa Rana Ba

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Yau muka kai darasin gayyata, kuma ni kaɗai na yi shi. Shekara ashirin da shida ke nan ni da Teruyo muna koya wa baƙi Japananci a ɗakin sama na zauren unguwa, ban taɓa yin wannan darasin ni ɗaya ba sai yau. Darasi ne na mutum biyu. Ita ke gayyata, ni ke zillewa. Takan karkatar da kai ta ce, "Ba za ki zo mu sha shayi ran Asabar ba?" Ni kuma in ja iska ta haƙora in ce, "Asabar kam, da ɗan..." in bar maganar a rataye. Sai ta sunkuya ta ce, "Ayya, to sai wani jiƙon." Ɗalibai su yi ta dariya. Yau kuwa sai na riƙa tsallakawa dama in yi tambaya, in dawo hagu in ba kaina amsa, kamar wadda... a'a, bari in bar wannan kwatancen.

Bishnu, ɗan Nepal ɗin nan mai dafa abinci a shagon bakin tasha, ya ɗaga hannu.

"Malama, da ɗan me? Ki ƙarasa mana."

"Ba a ƙarasawa."

"To idan ba zan je ba, me zai hana in ce masa ba zan je ba? An gama magana."

"Mutum ya tako ya nemi ka zauna da shi, kai kuma ka watsa masa ƙasa a ido? Ka bar masa ya gane da kansa, ku rabu kowa da mutuncinsa."

"Tabɗi! Ni a garinmu sai an ce ba ni da gaskiya."

"To nan ba garinku ba ne, ka kuma daina cin gyaɗa a ajina."

Daga nan na rubuta musu ƙa'idar da nake rubutawa duk shekara: idan mutum ya ce ka zo gidanmu wani lokaci, bai sa rana ba, gaisuwa ce kawai. Ka yi godiya ka zauna a gidanka. Gayyatar gaske tana zuwa da rana da lokaci.

Jiya Norio, ɗan Teruyo, ya bugo waya daga Sendai. Ya ce mahaifiyarsa ba za ta ƙara zuwa aji ba, kuma ranar uku ga Nuwamba zai zo ya tafi da ita can wurinsa gaba ɗaya. Ya yi ta ba ni haƙuri kan wahalar da suka jawo wa ajin. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Sendai tafiyar yini guda ce, ni kuma da wannan gwiwar tawa na san ba zan taɓa zuwa ba. In ban gan ta kafin ranar ba, shi ke nan.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kati ya zo daga wurin Teruyo. Layi ɗaya ne: "Shizue, idan kin sami sarari ki biyo ta gida." Na juya bayansa, na sake juyo gabansa. Babu rana.

Rubutun ya ɗan gangara ƙasa. Teburin ne ƙila bai daidaita ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan abincin rana

Mijina Isamu ya ga katin a kan firji. Tun da ya bar tuƙin jirgin fito ba shi da aiki sai sa ido a kan harkokina.

"Maman Yoriko, ba ƙawarki ce ke kiranki ba? Ki je mana."

"Ba ta sa rana ba."

"To ke ki sa mata."

"Ni in sa wa mutum rana a gidansa? A ina ka taɓa jin an yi haka?"

"Oho dai. Ku malamai kun fi kowa iya ɗaure kanku da igiya."

"Ci kifinka, Baban Yoriko."

Abin da bai sani ba, ko ya sani bai ɗauke shi komai ba, shi ne ban taɓa shiga gidan Teruyo ba, ita ma ba ta taɓa shiga nawa ba. Ba wani abin mamaki ba ne, haka muka ga iyayenmu suna yi. Gida na iyali ne, zumunci a waje ake yinsa. Na san rufin gidanta sarai, ana hango shi daga cikin jirgin fito, can saman tudu kusa da haikali. Duk Asabar in za mu rabu a mararraba takan ce, "Ki zo gida wani lokaci," in ce, "Ke ma ki zo," kowa ta kama hanyarta da farin ciki. Mun faɗi haka ya fi sau dubu, kuma ko sau ɗaya ba mu yi wa juna ƙarya ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Bayan aji na shiga shagon taliyar da muke zuwa, na zauna a kujerarmu ta gefen taga. Matar shagon ta kawo kofi biyu na ruwa, sai ta tuna, ta ɗauke ɗaya ba ta ce uffan ba. Na gode mata a zuciyata.

A nan muka ƙulla ajin tun farko. Shekarar da 'yan Brazil suka cika ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ce, suna yawo a kasuwa suna nuna kaya da yatsa. Teruyo ta ce, "Shizue, mutanen nan za su mutu da yunwa a gaban abinci, tashi mu koya musu magana." Ba mu san komai game da koyarwa ba. Ranar farko mutum ɗaya ya zo, wani dogo mai suna Valdir, mu biyu muka taru a kansa har ya yi gumi a cikin sanyi. Shi ne ya fara shiga tarkon gayyata. Shugaban sashensu ya ce masa ya zo gida wani lokaci, sai ga Valdir ran Lahadi da matarsa da yara uku da gasasshiyar kaza. Matar gidan ta fito da tsumman goge-goge a hannu. Da ya ba mu labari Teruyo ta yi dariya har ta zamo daga kujera, sannan ta share hawaye ta ce dole mu mai da wannan darasi.

Kullum mukan sayi faranti ɗaya na soyayyen kifi mu raba, kuma kullum sai yanka ɗaya ya rage. Ta turo mini, in ce na ƙoshi. Ta sake turowa, in ce haba ke dai ci. Sai a na uku ta ɓata fuska ta ce, "Ki ci ko in kira 'yan sanda," sannan in ɗauka. Yau na ci nawa, na bar yankan ƙarshe a farantin.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Babu kati. Na duba akwatin wasiƙu sau biyu.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Kanyar da ke bayan gidanmu, irin ta nan ƙasar mai girman tumatir, ta nuna. Na fere guda arba'in na rataye a ƙarƙashin rufi su bushe. Duk shekara nakan kai wa Teruyo goma a aji, ita kuma ta kawo mini lemu daga gonar ƙaninta.

Ina ferewa ina tuna bazarar da ta wuce. Ranar da ta gayyace ni shayi a gaban ɗalibai, na zille, ta ce sai wani jiƙon, sannan ta sake karkatar da kai ta yi tambayar daga farko. Na ɗauka wasa ne, na sake zillewa. Ta sake yi. Ɗalibai suna ta tafi. Da kuma ranar Juma'ar da mai gadin zaure ya same ta a ɗakin sama ta jera kujeru ta ɗora buta, tana jiran aji. Da ranar da ta kira Bishnu da sunan Valdir.

Gajiya ce. Mace mai shekara saba'in da ɗaya dole ta gaji. Ni ma jiya na nemi tabarau yana kan goshina.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya da rabi

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba.

Wulan ce. 'Yar Indonesiya, uwar 'ya'ya biyu, tana aiki a gidan kula da tsofaffi da ke bayan asibiti. Ranar da muka yi darasin gayyata tana bakin aiki, ba ta zo ba. Yau tana shigowa, tun kafin ta ajiye jaka, ta ce:

"Malama, na je gidan Malama Teruyo!"

Alli ya faɗi daga hannuna.

"Wa ya ce ki je?"

"Ita mana. Na haɗu da ita a kantin kayan miya ran Laraba, ta ce in biyo ta gida wani lokaci. Washegari ba ni da aiki, sai na hau."

Bishnu ya dafe kai. "Wayyo, Yaya Wulan, kin faɗi jarrabawa! Ba rana, ba zuwa. Ga shi can a littafina."

"Kai rufe mini baki, mai gyaɗa. Wallahi murna ta yi, Malama. Awa biyu ta riƙe ni, da na miƙe sai ta ce in zauna. Sau huɗu ta tambaye ni ke. Tana ta cewa, Shizue fa, gwiwarta ta yi sauƙi?"

Na ce mata abin da ta yi ba daidai ba ne, ta ɗora wa mutum nauyi babu shiri. Sai ta rage murya.

"Malama, ki yi haƙuri, amma a wurin aikinmu ina ganin irin wannan kullum. Tun suna gane mutane ya kamata a..."

"Wulan, buɗe shafi na sittin."

Ta buɗe. Har aka tashi ba ta ƙara ɗago kai ba, ni ma ban kalli wajenta ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Sau huɗu.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Wulan baƙuwa ce, duk abin da ta yi za a ce ba ta sani ba. Ni fa? Ni ce na rubuta ƙa'idar a allo shekara ashirin da shida. Kuma na san Teruyo. Ba ta taɓa bari wani ya gan ta gashinta a hargitse ba. Ranar da aka binne mijinta ma, ita ce ke bin mutane tana gyara musu wuyan riga. Idan na faɗo mata babu sanarwa dole ta share gida, ta canza kaya, ta nemi abin da za ta ajiye a gabana, kuma in gan ta yadda ba ta so a gan ta. Ta ƙi sa rana ne don ta ba ni hanyar fahimta. Mutuncinta nake karewa.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Ya yi kyau ƙwarai, kamar darasi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron in tsaya a ƙofarta ta dube ni yadda take duban mai kawo wasiƙa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da rana

Na ɗauki waya na danna lambobi biyar na ajiye. Isamu yana kallona ta saman jarida.

"Wayar ta cije ki ne?"



Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Mun yi bita. Na haɗa su biyu-biyu, ɗaya ya gayyata, ɗaya ya zille. Bishnu ya ƙware har ya wuce gona da iri, ya ja iska ta haƙora kamar mai shan miya da zafi, ya ce, "Lahadi kam, da ɗan..." ya kafe ido a rufi. Kowa ya yi masa tafi. Da Teruyo na nan da ta ba shi alewa, kullum da alewa a aljihunta.

Wulan ta tsaya bayan an watse tana taya ni tattara kujeru.  Da za ta fita sai ta ce, "Matakalan suna da yawa, Malama, amma akwai benci a tsakiya." Ta sunkuya ta tafi. Matar nan ta koyi zance irin namu fiye da yadda nake zato.

Saura kwana takwas.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Na zaɓi kanya goma mafiya kyau na naɗe a ƙyalle. Ba ziyara zan kai ba. Kanya zan miƙa, kamar kowace shekara.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je.

Matakala ɗari da arba'in da biyu, na ƙirga don kada in yi tunani. Na huta a bencin. Daga can ana ganin mashigin ruwa duka, da jirgin fito yana rarrafawa, da rufin zaurenmu ƙarami. Ashe duk Asabar wannan hawan take yi, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Na danna ƙararrawa. An daɗe, sannan ƙofa ta zame. Ta rame. Gashin ba a taje ba, rigar sanyin an saka maɓallanta a karkace. Ta dube ni, na dube ta, na sunkuya na ce na zo babu sanarwa, ta yafe mini. Sai fuskarta ta washe, ta matsa gefe, ta ce:

"Ba za ki shigo ba?"

Ni kuma bakin nan nawa, bakin da ya shekara sittin da takwas yana abu ɗaya, ya ce, "A'a, a'a, wucewa nake yi, nan bakin ƙofa ma ya isa."

Kowa ya san haka ake yi. Ba a shiga gidan mutum a kiran farko, sai ya nanata, ka sake nuna kunya, ya matsa maka. Har na fara zare dunduniyata daga takalmi ina jiran ta ce haba ke dai shigo.

Ta karkatar da kai ta ce, "Ayya, to sai wani jiƙon." Ta sunkuya sosai, da ladabi, ta ja ƙofa ta rufe.

Na tsaya da ƙafa ɗaya a cikin takalmi, ɗaya rabi a waje. Na ji takunta yana komawa ciki. Ban iya sake danna ƙararrawar ba, don wanda ya ce wucewa yake yi ai wucewa yake yi. Sai da na kai ƙasan tudu na ga ƙunshin kanyar yana hannuna.

Laraba, 30 ga Oktoba, da rana

Ban fita ba. Isamu ya dafa shinkafa da kansa, ta caɓe, na ci haka nan.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na koma da safe. Ban tsaya a bencin ba.

Ta buɗe, ta dube ni irin duban da na yi ta tsoro. Na ga ba ta san ni ba, kuma ban mutu ba. Ta ce, "Ba za ki shigo ba?" Tun ba ta rufe baki ba na ce, "Zan shigo," na tuɓe takalma na haye. Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Ita ko a jikinta.

Ashe haka gidan yake. Ƙarami ne, tabarmin sun tsufa, akwatunan da Norio ya aiko suna jingine a bango ba a cika ko ɗaya ba. Hotunan ajinmu ne a jere a saman kabad, tun daga na Valdir da kazarsa. Ina cikin kowanne, a gefenta, da fuskata ta marar fara'a.

Ta zaunar da ni, ta kawo shayi, ta tambaya ko daga ofishin gunduma nake. Na ce a'a, daga ƙasan tudu nake. Na kwance kanyar, ta ɗauki ɗaya ta shinshina.

"Irin ta Shizue ce," ta ce. "Ƙawata ce, tare muke koyarwa. Kin san ta?"

"Na san ta."

"Ina ta so ta zo kafin in tafi. Wai tafiya zan yi, in ji Norio." Ta jawo wani ɗan akwatin alewa daga ƙarƙashin tebur ta buɗe. Katuna ne a ciki, sun kai goma sha biyar, duk da sunana. A kowanne an rubuta rana an soke. Talata, an soke. Juma'a, an soke, an rubuta Litinin, an sake sokewa. "Kin gani? Sai in rubuta Talata, in duba in rasa ko Talatar ta wuce ko ba ta zo ba. Ranakun ba sa tsaya mini yanzu. In na sa mata rana ta hau matakalan nan da gwiwarta, ta tarar na manta na fita, ai na wulaƙanta ta. Shi ya sa na aika mata wanda ba rana, na ce duk ranar da ta zo daidai ne." Ta mayar da murfin a hankali. "Amma ba za ta zo ba. Ita ba ta zuwa sai da rana. Komai nata bisa ƙa'ida take yinsa, mutuniyar kirki ce."

"Shashasha ce," na ce. 

Ta ajiye kofinta da ƙarfi, ta miƙe zaune, ta nuna ni da yatsa yadda take nuna ɗalibin da ya yi rashin kunya.

"Kul! Baiwar Allah, ban san ki ba, amma kada ki ƙara zagin Shizue a gidana."

Na ba ta haƙuri. Na ce ba zan ƙara ba. Ta harare ni na ɗan lokaci, sannan ta huce, ta ƙara mini shayi, ta shiga ba ni labarin yadda ita da Shizue suka fara aji da ɗalibi ɗaya. Na saurara har ƙarshe, sau biyu. Wasu wuraren ta fi ni tunawa.

Na taje mata gashi kafin in fito, ta bari.

Saura kwana uku. Gobe da safe zan koma.